Motar da ke Gangarowa Shiru

Shekara tara ke nan motar Adelmo Bergonzini ba ta shiga dandalin Roccalbina da ƙara ba. Daga kan tudun da gidansa yake takan gangaro, ja wur, mai dogon hanci, cikinta kusan a ƙasa, ba abin da ake ji sai kukan taya a kan duwatsun titi. Ya sha kwanar makabarta, ya sha ta gidan burodi, ya taka birki daidai ƙofar shagon kofi, ya fito yana gyara hula.

"Me zai sa in tayar da ita a cikin gari?" yakan ce. "Inji mai silinda goma sha biyu fa! Ranar da na gwada, sai da gilashin tagar coci ya tsage. Ku tambayi Don Gildo."

Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi limamin cocin.

Adelmo bai wuce aji uku ba a makaranta, kuma da bakinsa yake faɗa, yana bugun ƙirji. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka miƙa masa guduma a garejin da ake ƙera jikin motocin tsere, ya yi shekara arba'in da shida yana dukan ƙarfe a kan kututture har ya ɗauki siffa. Ya sha yunwar bayan yaƙi. Girgizar ƙasa ta rushe masa rabin gida, ya fito yana kakkaɓe riga. Sau biyu likitoci suka buɗe ƙirjinsa suka rufe. Motar kuwa tarkace ya saya, bayan ɗan wani attajiri ya naɗe ta a jikin bishiya, ya yi shekara shida yana miƙar da ita da hannuwansa. Duk wannan gaskiya ne, duk garin sun haddace.

Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, wata rana da bazara, shekara tara da suka wuce, injin ya yi wata irin ƙara, ya tsaya cak. Masu gyara a birni suka ce yuro dubu sittin. Fanshonsa ko tayoyi huɗu ba ya saye. Ya sayar wa wani Bajamushe mataccen injin, ya kai motar can wani gari mai nisa, aka dasa mata injin tsohuwar motar rabon burodi. Tun daga ranar yake saukowa a kashe, ba ya kuma hawa tudu sai ƙarfe ɗaya ta yi, kowa ya shige gida cin abinci.

Kowace shekara, ran bikin waliyyin gari, tsofaffin motoci kan taru a dandali. Don Gildo ya yayyafa musu ruwa, sannan kowa ya ɗaga murfin injinsa mutane su leƙa. Kowace shekara kuma Adelmo yakan ce bayansa ya riƙe, ya ƙi zuwa. Bana sai kwamiti ya ce shi za a karrama, tunda a cikin maƙeran motocin tsere na farko shi kaɗai ya rage, har an gayyato wani masani daga Milano.

"Ka ce musu baya ne," in ji matarsa Iolanda, tana murza ƙullun taliya.

"Na faɗa bara. Na faɗa bara waccan."

"To ka ce zuciya. Ita ai kowa ya san da ita."

"Zuciyata? Ke, zuciyar nan ta binne likitoci biyu!"

"To, sadauki, je ka buɗe musu. Wataƙila ma su ji ƙanshin burodi."

Ranar bikin ta zo. Ya ɗaura laƙataye a wuya, ya saki birki, ya gangara.

Motoci talatin ya tarar a jere, an bar masa gurbi a tsakiya. Aka tafa. Don Gildo ya yayyafa ruwansa, murafan injuna suka shiga tashi ɗaya bayan ɗaya, sai na Adelmo kaɗai a rufe. Masanin, Dakta Fumagalli, siriri ne mai farar safar hannu. Ya cire safar ya shafa gefen motar da tafin hannu, daga fitila har ƙofa, idonsa a rufe.

"Babu ciko a jikin ƙarfen ko kaɗan," ya ce a hankali. "Baba, da guduma ka yi wannan?"

"Da guduma da ido, ranka ya daɗe. Ko awo ban yi ba. Ni ban iya karanta zanen injiniyoyi ba, su ne suke zuwa su auna nawa."

"Na zaga duniya, ban ga irinsa ba. To, a buɗe mana mu ga zuciyarta."

Adelmo ya sunkuyar da kai. Mutumin da bai rasa magana ba ko a kan gadon tiyata, ya tsaya yana kallon takalminsa. Ya miƙa hannu cikin motar yana laluben wayar murfin.

"Kada ka wahalar da kanka, tsoho," in ji wata murya. Nerio ne, tsohon bakaniken garin, abokin gabarsa a teburin karta. "Dakta, wayar ta tsinke tun makon jiya. Laifina ne, na ce zan gyara, ban samu sarari ba."

Adelmo ya ɗago. Rabon da Nerio ya taɓa motar nan shekara tara.

"Kash!" in ji masanin. "To, a tayar da ita, ko muryarta mu ji."

"A nan?" Don Gildo ya ɗaga hannu biyu sama, ruwa na ɗiga daga abin yayyafinsa. "A'a, a'a, ɗana. Tagata fa? Da ƙyar muka gyara waccan."

"Ga jikata tana barci a saman shago," in ji matar mai burodi.

"Karnuka ma sai su haukace," wani ya ƙara daga baya.

Adelmo ya bi fuskokin da kallo. Ba mai dariya, ba kuma wanda ya yarda suka haɗa ido. Limami mai shekara saba'in, da rigar ibada a jikinsa, ya tsaya gaban jama'a ya shaidi tagar da ba ta taɓa tsagewa ba. Zafi ya taso wa Adelmo daga wuya har kunnuwa. Aka miƙa masa lambar girma, aka ce ya yi jawabi. Ya ce, "Na gode," ya koma gefe. Mutane suka jira sauran, babu.

Da aka zauna cin abinci a dogayen tebura a inuwar shaguna, ya ja kujera kusa da Nerio. Romo na gabansa, bai taɓa ba.

"Tun yaushe ka sani?"

Nerio ya ci gaba da hura cokalinsa. "Tun ranar farko."

"Wa ya gaya maka?"

"Haba, Adelmo. Shekara sittin kunnena na cikin inji. Kana jira mu shiga gida sannan ka tayar. Kai a tsammaninka da kunne muke cin abinci?"

"Kowa da kowa?"

"Har Ivo kurma. Ya ce a tafin ƙafa yake ji, silinda huɗu ne. Matata ma da ita take saita agogo."

"Kuka bar ni ina ta zuba..."

"To wa zai ba mu labarin taga? Ci abincinka, tsohon banza. Kuma ka kawo ta ran Litinin, famfon ruwanta ya fara kuka. Wata biyu ke nan yana damuna, na rasa yadda zan gaya maka."

Adelmo ya dubi motarsa. Yau ba wanda zai shige gida, a dandali za a wuni. Ko ya jira har rana ta faɗi, ko ya taka tudun da ƙafa ya bar ta a nan. Ya miƙe, ya ratsa tsakanin tebura, ya shiga motar, ya ja ƙofa. Masanin ya juyo da sauri, kofinsa a hannu, fuskarsa cike da murna.

Ya murza makulli.

Kafin injin ya gama tari, shugaban 'yan badujalar gari ya zabura daga kan farantinsa ya ɗaga hannu. Kakaki da ganguna suka ɓarke gaba ɗaya, wasu mabusan ma da abinci a baki. Mata suka kama tafi, maza suka ɗaga murya suna gardama a kan ƙwallo. Jar motar ta ratsa dandalin a cikin wannan hayaniya, ba wanda ya waiwayo sai baƙon, yana ɗaga hannu, yana kara ɗayan a kunne.

Sai da ya wuce makabarta kiɗan ya sake shi. Ya rage daga shi sai injin, kaf-kaf-kaf, yana jan tudu a natse kamar mai kai burodin safe. Adelmo ya saurara. Shekara tara, sanyi da zafi, ko sau ɗaya abin nan bai taɓa mutuwa masa a hanya ba. Wancan mai silinda goma sha biyun bai taɓa cika wata uku lafiya ba.

Ya buɗe baki kamar zai faɗa, ya dubi kujerar gefensa, ba kowa, ya rufe. Ya sa giya ta biyu.