Tagogin Bangon Gabas

Ni Kambai, sau uku mutuwa ta zo nemana a garin Kafanchan, sau uku tana komawa da kunya. Agana ta kwantar da mu, ta ɗauki ƙanena Eli, ni kuwa zane kawai ta iya bar mini a fuska. Taragon gawayi ya kuɓuce a tasha ya bi ta kan ƙafata, ya tafi da yatsu biyu, sauran suna nan ina takawa. Na faɗo daga kan giginya, yau giginyar an sare ta, ni ina nan ina cin tuwo. Ban taɓa zama a aji ba, amma ku tambayi duk wanda ya yi aikin reluwe tare da ni: in Kambai ya ce eh, to eh ɗin ne har gobe.

Gidaje uku ne a jere a layinmu. Na bakin titi na marigayi Eli ne, ya rushe ya zama fili. Na tsakiya na Mijinyawa ne, mai sayar da goro a kasuwa. Na ƙarshe nawa, inda matata Paulina ta dasa mangwaro har suka rufe tsakar gida ruf. Lokacin agana, da dangina suka gudu ƙauye, Mijinyawa ne yake ɗaura ƙwaryar kunu a bakin gora ya miƙo mini ta kan danga. Tun daga nan yake kirana Ƙi-Mutu. Ni kuma Jan Baki nake ce masa, don rabin goron da ya saro a bakinsa yake ƙarewa.

Eli ya bar yaro ɗaya, Leonard. Ni na riƙe shi, ni na kai shi makarantar mishan a kafaɗata. Ya tafi Kaduna ya koyi kwangila, sai ga shi ya dawo a shekarar da aka bar fam aka koma naira, da mota da tumbi.

"Baba," in ji shi, "Jos da Kaduna suna tafiya sama, mu muna nan muna rarrafe a ƙasa. Otal zan gina a filin ubana. Hawa huɗu."

A lokacin ba abin da ya fi tankin ruwan tasha tsayi a garin nan, sai hasumiyar coci da rimin bakin kasuwa. In ka ɗaga kai, dutsen Kagoro kake gani da gajimare, shi ke nan. Na ce masa ya gina, jinin Kambai ba ya tsoron sama. Kafin yamma duk kasuwa ta ji daga bakina.

Washegari Mijinyawa ya leƙo ta kan danga, ba ya dariya.

"Ƙi-Mutu, na ji ɗanka zai hau kanmu."

"Zai hau sama dai, Jan Baki. Kanka me zai yi da shi, ko gashi babu?"

"Ba wasa nake ba. Matata Mero ba ta fita, ka sani. 'Ya'yana mata uku. Wanka, girki, kitso, duk a tsakar gidan nan. In baƙon da ya sauko daga jirgi ya tsaya a taga yana kallonsu, ina zan sa kaina? Zan kai magana wurin mai unguwa, ban so ka ji a bakin wani."

Na ce ya ba ni yini ɗaya. Na sami Leonard, na gaya masa bangon da ke duban gabas, wato gidan Mijinyawa, ba za a yi masa taga ba ko ta leƙen kaza. Ya cire hularsa, ya durƙusa yadda na koya masa.

"Na ji, Baba. Ba taga. Amma kai za ka je wurin mai unguwa, bakinka ya fi nawa nauyi."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Na sa rigata ta zuwa sujada, na tsaya gaban mai unguwa da dattawan layi, Kirista da Musulmi, na dafa ƙirjina na ce bangon gabas makaho za a yi shi. Mai unguwa ya tambayi Mijinyawa ko a kira yaron ya faɗa da bakinsa.

"Ban san yaron ba, ranka ya daɗe," in ji Mijinyawa. "Kambai na sani. Ya isa."

Aka fara gini. Tifa tana zuwa, tifa tana tafiya, mata suna hawa da kwanon kankare a ka kamar tururuwa. Kullum da safe nakan ɗauki kujerata in zauna gefen bangon gabas, in gyara musu aiki, don yaran yanzu ba su san igiya ba balle ɗaurin gora. Hawa na ɗaya ya tashi, ba taga. Na biyu, ba taga. Mero ta aiko mini da ƙosai.

A hawa na biyu ne idona ya kama wani abu. A cikin bangon, jefi-jefi, an kwantar da dogayen sandunan kankare, irin waɗanda ake sa wa a saman ƙofa. Na kira Leonard.

"Waɗannan fa? Ƙofa za a yi wa tsuntsaye?"

Ya yi dariya har da riƙe hannuna. "Baba ba a ɓoye maka komai. Haƙarƙari ne. Bango mai tsayi in ba shi da su, tsagewa yake."

Na yarda, don ɗan da na goya ne ya faɗa. Har na riƙa jan mutane daga kasuwa ina nuna musu haƙarƙarin bangonmu. Paulina ce kaɗai ta taɓe baki.

"Kai dai baban yara, bango ya fi ka riƙe baki."

Ginin ya wuce rimi, ya wuce hasumiya, ya wuce tanki. Direbobin jirgi suka ce tun daga nesa suke hango shi. Wasu masu kuɗi biyu suka ji haushi, su ma suka fara haƙa tushe a kan hanyar tasha. Duk wanda ya wuce sai ya ce benen Kambai, ni kuma ban hana su ba.

Wata Litinin da hantsi, bayan an buga rufi, ina cikin shan kunu sai na ji tim. Na sake jin tim. Na fito da ƙwaryata a hannu. Can sama, wani lebura ya sa tafin hannunsa yana tura bulo daga ciki, bulon yana fitowa salin alin yana faɗowa cikin lungun da ke tsakanin ginin da katangar Mijinyawa. Ba guduma, ba kurfi. A ƙarƙashin kowane haƙarƙari rami mai kusurwa huɗu yana buɗewa.

Na sunkuya na ɗauki bulo ɗaya, na murza gefensa da babban yatsana. Laka ce. Ba a taɓa sa masa siminti ba. Tun daga hawa na ɗaya, tun ranar da Mero ta aiko mini da ƙosai, tagogin suna nan, an toshe su ne kawai da laka don idona.

Da ƙafar nan tawa mai yatsu uku na hau benen har ƙarshe, ban huta ba ko sau ɗaya, leburori suna ba ni hanya. Na tarar da Leonard yana auna ramin da wani kafinta.

"Baba, da ka aiko ai da na sauko."

"Kai ne ka durƙusa a gabana ka ce ba taga."

"Na durƙusa, Baba. To in yi yaya? Da na ce da taga, da har yau muna zaune wurin mai unguwa. Wa zai kama ɗaki ba taga a zafin nan? Kabari ne? Hukuma ma ba za ta yarda ba."

"Ka sani tun farko."

"Kowane magini a nan ya sani." Ya sassauta murya. "Zan sa labule masu kauri. In Mijinyawa yana so ya sayar, zan saya da daraja, ya koma inda ya fi masa. Gari ne yake girma, Baba, ba ni ba ne."

"Bakina ka ara, Leonard. Ka yi gini da shi."

Ya dubi kafinta, kafinta ya dubi ƙasa.

Na matsa bakin ramin. Ban taɓa ganin Kafanchan haka ba: layin dogo ya rabu uku kamar jijiya, rufin kwano ja da fari har bakin daji, tushen sababbin benaye biyu a buɗe. Sai na sauke ido. Ga tsakar gidan Mijinyawa kamar a tafin hannuna. Ga turmi, ga randa, ga makewayi ba rufi. Mero tana tsefe wa Ruƙayyatu, autarsu, kai. Yarinyar ce ta fara ɗaga ido. Ta ja zanen uwarta. Mero ta dubo sama, kanta ba ɗankwali, kuma fuskar da ta gani a tagar, fuskata ce, mai zanen agana, wadda ba a ɗaukarta da ta wani. Ta dafe kai da hannu biyu ta ruga ɗaki.

Gaba kaɗan, inda gidana yake, ba a ganin komai sai ganyen mangwaro.

Kafin mako ya zagayo Mijinyawa ya kafa itatuwa ya rufe tsakar gidansa da zana. Hayaƙin girki ya rasa hanyar fita, kullum ina jin tarin Mero ta kan danga. Na je rumfarsa a kasuwa. Ya tashi ya ba ni tabarma, ya ɓare goro ya miƙo mini da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Malam Kambai."

Malam Kambai, ba Ƙi-Mutu ba: tarago bai yi mini zafin wannan ba. Na ce masa yaron ne ya yaudare ni, na ba shi labarin lakar.

"Na ji," in ji shi. "Amma ni ban san yaron ba." Ya ce in damina ta wuce zai kwashe iyalinsa zuwa Kagarko wurin wansa.

Na koma gida na ce da Paulina ta fara ɗaure kaya.

"Ina za mu?"

"Nan kusa. Danga ɗaya za mu tsallaka."

Ta daɗe tana kallon bishiyoyinta. "Bakinka ya ci gidana ke nan," in ji ta. Ba ta yi mini magana ba har Lahadi, amma ta ɗaure kayan.

Na sake sa rigar sujada, na sake tara dattawan nan gaban mai unguwa. Na ce na yi alkawarin ba idon da zai sauka kan iyalin Mijinyawa, ban ce sai da bango ba. Ya ɗauki gidana da mangwaronsa, in ɗauki nasa da tagoginsa. Mijinyawa ya ƙi, ya sake ƙi. Mai unguwa ya ce masa ya bar dattijo ya ɗauke maganarsa daga ƙasa. Sannan ya karɓa.

Ranar da muka shiga, abin da na fara yi shi ne yaye zanar nan duka. Leonard ya aiko a ce in zo bikin buɗewa, an ajiye mini kujera a gaba. Na ce a gaya masa ina da wanka.

Yanzu kullum da hantsi nakan ɗauki bokitina in shiga makewayin nan marar rufi, in tuɓe, in yi waƙar sujada da iyakar muryata. Duk baƙon da ya buɗe taga zai ga abin da agana da tarago da giginya suka bari, kuma ba ya sake buɗewa. An ce ɗakunan gabas ba sa samun masu kama su sosai. Leonard ya turo dattijon ikilisiya ya roƙe ni. Na ce ya sa labule masu kauri.

Benaye sun kai biyar a garin yanzu, daga ƙofata ba a ganin dutsen Kagoro. In mangwaro ya nuna, Mero takan aiko wa Paulina da kwando cike, Paulina ta karɓa ta yi godiya a kan 'ya'yan itacen da ta dasa da hannunta. Mijinyawa yana gaishe ni ta kan danga safe da yamma, ba ya fashi. Malam Kambai yake cewa. Ni kuma nakan ɗan jira kafin in amsa, ko zai gyara.