Inda Ruwa Ya Tsaya

Dillalin yana jan igiyar awo daga wannan turke zuwa wancan, Malama kuwa ta tsaya tana kallon katangar maƙwabta. Akwai wani layi mai duhu a jikinta, miƙe sambal, daidai ƙugun mutum. Nan ruwa ya tsaya a daminar bara.

Shekara uku ke nan da ta sayi filin da kuɗin sallamarta, bayan shekara talatin da biyar tana koyarwa. Lokacin kowa ya sa baki. Abokan aikinta suka ce gari nan ya nufo, ƙanenta ya ce ta gina ɗakuna huɗu na haya ta huta. Da rani ta saya. Sai da damina ta kankama ta zo ta tarar da agwagi suna iyo a inda ta yi niyyar sa ƙofa.

"Yaya, ki daina kallon katangar nan," in ji ƙanen nata, murya ƙasa ƙasa. "Matar da za ta saya tana hanya, za ta lura."

"In ta tambaye ni fa?"

"Ba ƙarya aka ce ki yi ba. Shiru kawai za ki yi. Ke da kika saya, wa ya gaya miki?"

Dillalin ya naɗe igiyarsa ya matso. "Malama, wata goma ina nemar miki mai saye. In wannan ta kuɓuce, hadari ya taso, sai kuma baɗi."

Malama ta dubi filin. Kusan duk abin da ta mallaka yana kwance a wannan ƙasa, ga ciwon gwiwa da likita ya ce sai an yi aiki.

Mai sayen ta sauko daga bas a bakin titi, ta ƙaraso da ƙafa. Tela ce, za ta kai shekara arba'in, da ɗan guntun zare maƙale a mayafinta. Ta gaishe su a ladabce, sannan ta shiga filin tana auna shi da taku. Ta nuna inda za ta sa keken ɗinki, da inda 'ya'yanta mata uku za su riƙa kwana. Ta ce shekara goma sha huɗu suna ɗaki ɗaya a gidan haya.

Dillalin ya fito da takardu ya shimfiɗa a kan motar ƙanen Malama, ya miƙa wa Malama biro. Ta karɓa, ta riƙe, ba ta rubuta komai ba.

"'Yar'uwa, zo ki ga wani abu."

Ƙanen ya juya baya. Malama ta ja telar har gindin katanga, ta ɗora yatsa a kan layin.

"Ruwa yana kwanciya a nan. Bara har nan ya kai. Shi ya sa nake sayarwa."

Telar ta daɗe tana duban yatsan.

"Na sani, Malama. Ƙanwata tana bayan layin can, ni na taya ta kwashe katifu."

"Kin sani, kuma kike so?"

"Na zaga garin nan kaf. Duk inda ruwa ba ya kwanciya, kuɗina ba ya kaiwa. Zan yi ciko in ɗaga ginin sama. Shi ruwa wata biyu yake yi ya tafi, mai gidan haya kuwa shekara zungur yana bakin ƙofa." Ta ɗan yi murmushi. "Na yi shiru ne don kada ku ɗauka ragi nake nema, ku ba wani."

Malama ta koma wajen dillalin. "Tifa nawa za ta cike wurin nan?"

Ya sosa ƙeya. "Kamar goma sha biyu."

"Cire kuɗinsu ka gyara takardar."

"Malama, ita fa ba ta nema ba. Kuma la'adata za ta ragu."

"Na ji. Gyara."

Aka sa hannu. Telar ta kama hannun Malama da hannu biyu ta riƙe.

Ƙanen ya ja mota suka kama hanyar gida. Suka wuce kasuwa, suka wuce asibitin da take zuwa ganin likita, yana tuƙi fuska a murtuke. Sai da ya tsaya a ƙofar gidanta, tana kokawar sauko da ƙafar da ke ciwo, ya yi magana ba tare da ya dube ta ba.

"Masu tifar da dillali zai haɗa ta da su cutarta za su yi. Na san wani mai sauƙi. Ki karɓo min lambar matar."