Mai Ƙafa Goma Sha Biyu

Sau uku ina ƙirga ƙafafun 'yar halittar da muka tace daga lakar ƙasan teku. Dangin jatan lande ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Goma sha biyu! Alhali danginta duk sha huɗu gare su.

Na ƙwala wa shugaban ɗakin bincikenmu kira. "Malam, mun samu sabon iri!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ke dai akwai gaggawa. Jaririya ce, sauran biyun ba su fito ba."

Raina ya sosu. Na birkice ta da bakin allura ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ga jakar cikinta fal da ƙwai.

"Malam, zo ka ga jaririya da ciki!"

Garin sauri har kujerarsa ya kifar.