Kwalbar Acar ta Ƙarshe

Ranar duba fuskar uwa, masu uwa a raye suka cika kasuwar Kathmandu suna sayen alewa da ƙwai. Waɗanda tasu ta mutu suka hau hanyar tafkin Mata Tirtha, kuma bana Dilmaya da wanta Purna Bahadur na cikinsu karo na farko.

Purna ma'aikacin gwamnati ne, farantinsa ma ya nuna haka: shinkafa, wake, gishiri, man shanu, komai ɗanye kamar yadda aka saba miƙa wa malamin ibada don ya isa ga mamaciya. Dilmaya kuwa kwalba ɗaya ta rungumo, acar, wato jiƙon lemun tsami da barkono na cin shinkafa, na ƙarshe da tsohuwarsu ta haɗa da hannunta. Da wannan acar ta ciyar da 'ya'ya biyar, shekara talatin tana tallarsa a tashar mota. Tun a hanya Purna yake cewa ta ɓoye abin nan, nan ba tasha ba ce.

"Yaya, da wannan warin aka saya maka takalmin makaranta," in ji ta.

Suka yi wanka, suka leƙa ruwan kamar kowa, don an ce a cikinsa ake ganin fuskar uwar da ta mutu. Dilmaya ba ta ga fuskar kowa ba sai ganyen fure da ƙafafun mutane. Ba ta damu ba. Burinta ɗaya, kwalbar ta isa ga mai ita.

Malamin ya karɓi farantin Purna yana murmushi. Da ya ga kwalbar sai ya janye hannu, ya ce abin da hannu ya riga ya sarrafa ba ya shiga sadaka, ta je ta kawo shinkafa. Ta ce masa tsohuwar ba ta taɓa cin shinkafa gaya ba. Ya ɗaga kai ya kira na bayanta.

Dilmaya ta tsaya a gefen layi ta kwance murfin. Ƙamshin ya bugi wata tsohuwa mai sanda, ta juyo.

"'Yar nan, wannan ba na matar tashar Kalanki ba ne? Mai zagin direbobi?"

"Ita ce, Inna. Ta rasu da damina."

Tsohuwar ta miƙo tafin hannu. Wani direba mai sabon aski ya miƙo nasa, ya ce marigayiyar ta taɓa ce masa jaki sau biyu a rana ɗaya. Layin ya karkace, malamin ya zauna yana kallon ƙeyoyi. Marayu masu furfura suna lasa suna hawaye, kowa yana ɗora laifin a kan barkono.

Da kwalbar ta kusa ƙarewa, Purna ya matso, ya ce a hankali ko da saura.

"Bi layi, Yaya," in ji Dilmaya. Ya je ya bi.