Kifin Istanbul a McLeansville

Kwana goma sha ɗaya da sallamo maigidana Malam daga asibiti, abin da ya shiga cikinsa bai wuce shayi da dabino ba. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa hannun dama, yatsun sun lanƙwashe, ba sa riƙe cokali. Likita ta duba maƙogwaronsa ta ce lafiya lau yake haɗiya. Ta kuma ce in Juma'a ta zo bai fara ci ba, za a huda cikinsa a sa masa robar abinci.

"Mama, feeding tube fa ba wani abu ba ne," in ji autanmu Jafaru, wanda muke zaune a gidansa a McLeansville, kusa da Greensboro.

"To a sa maka mana, ka huta da tauna."

Gidan kullum cike yake da 'yan dubiya, motoci har kan ciyawa. Hajiya Zinariya, wadda ta fi kowa daɗewa a Greensboro, kowace safiya sai ta sauke kula ta ce, "Mara lafiya sai kunu. Haka muka gada." Ni dai shekara talatin na yi ina koyar da ilmin halittu a Zariya, ban taɓa cin karo da shafin da ya ce haka ba. Balle ma cikin Malam ba abin da ya same shi.

Ran Laraba na gane. Hafsatu, matar Jafaru, ta ajiye masa faten dankali ta fita. Ina leƙe ta ƙofa na ga hannun hagunsa ya nufi kwanon, ya kai rabin hanya, sai ya janye shi ya cusa ƙarƙashin bargo kamar ya kama ɓarawo. Mutumin da ya shekara arba'in yana buge hagun 'ya'yansa daga akushi! Ya san lalura ta halatta masa, shi ya karantar da wasu hakan. Amma sani daban, iyawa daban. Cokali a baki kuwa, daga hannun surukarsa ko nawa, gara masa yunwa.

Sai Istanbul ta faɗo mini a rai. Shekara shida da suka wuce jirginmu ya ya da zango a can, aka ce sai bayan awa goma sha huɗu. Guzurinmu bai kai na gidan abinci ba, muka gangara bakin ruwa inda ake gasa kifi a tsaga burodi a cusa shi, da albasa da latas, a matsa lemon tsami a naɗe a takarda. Balik ekmek suke ce masa. Malam, da ke cewa cin abinci a titi zubar da girma ne, biyu ya tashi da su a tsaye. Abin da na tuna shi ne girman burodin. Ba wanda na gani ya riƙe shi da hannu ɗaya.

Ran Alhamis da hantsi Hafsatu ta kai ni kanti, na zaɓo kifin titus huɗu da dogon burodi mai taushi. Na zare ƙayar ɗaya bayan ɗaya, na hura gawayi a bayan gida. Hayaƙin ne ya tarbi Hajiya Zinariya.

"Kifi da ɗanyar albasa, Hajiya? Kashe bawan Allah za ki yi?"

"In ya mutu ai kin sami inda za ki kai kunu ran sadakar uku. Shiga falo, don Allah, ki ja mini labule."

Jafaru ya turo mahaifinsa a keken marasa lafiya zuwa baranda, inda ba mai kallonsa sai gonar maƙwabci, na kori Jafarun shi ma. Na ɗauko hannun daman Malam na buɗe yatsun a hankali, na kwantar da naɗin burodi da kifin a tafinsa, suka koma suka damƙe takardar da kansu. Nauyin ya rinjayi hannun zai zube. Kafin ya yi shawara hagun ta tallabo daga ƙasa.

Ya dubi hannuwan, ya dube ni.

"Dama ce ta riƙe," na ce. "Waccan 'yar dako ce kawai."

Na juya baya na shiga juya kifin da bai buƙaci juyi ba. Na ji bisimilla, a karkace amma a cike. Na ji takarda tana ƙara. Ban waiwaya ba sai da na ƙirga tsuntsayen da ke kan waya sau uku.

Ya cinye fiye da rabi, mai yana bin gemunsa.

"Gishiri bai ji ba," ya ce.

"Likita ta hana."

"Na Turkawa ya fi."

"Su ai teku gare su, Malam. Ni kifin robar kanti gare ni."

Ya gama da sauran, ya lashi leɓe, ya miƙo mini takardar da hannu biyu. "Akwai wani?"

Na shiga falo ina warin hayaƙi, idanu takwas a kaina.

"Ya ci?" in ji Hajiya Zinariya.

"Jafaru, buga wa likitarka ka ce ta ba wani ranar gobe. Hafsatu, yanko albasa, ki ƙaro gawayi."