Rabin Aikin Malam Hambali

Ranar da Bara'atu ta fita takaba, ba gidan kowa ta fara zuwa ba. Bayan gida ta zagaya, ta tsaya a bakin tafkin mijinta, marigayi Malam Hambali, ta rasa inda ruwan yake. Kainuwa ta rufe shi ruf, kore shar daga wannan gaɓa zuwa waccan, har kaji na neman takawa su wuce.

Asalin tafkin ramin ƙasa ne da aka haƙa lokacin ginin gidan. Hambali ya gyara shi, ya zuba karfasa da tarwaɗa, har duk Basirka aka san shi da kifinsa. Kullum da hantsi yakan naɗe wando ya shiga da manjagara, ya janyo kainuwar gefe guda ya zube a tudu, ya bar sauran. Duk zamansu babu abin da ke ba Bara'atu haushi kamar wannan. Ita mace ce da in ta share tsakar gida ko tsinke ba ka samu, kuma tun a gidansu can Unguwar Ya aka san ta da haka.

"Malam, wai kai ba ka taɓa gama aiki ne? Ga rabi can ka bari."

"Kifi ma yana son inuwa," yakan ce.

"Kai dai ka ce kai ke son inuwar."

Sai ya yi dariya ya ci gaba da wanke ƙafa. Ta laƙaba masa Malam Rabin Aiki, tun yana basarwa har ya koma amsawa.

Ba a jima ba Safiyanu, yayan marigayin, ya zo da maganar gado. Ba mugun mutum ba ne, sai dai ba ya iya kwana-kwana. Ya ce akwai wanda ke son sayen wurin ya cike ya yi shaguna.

"In tafkin na da rai, a bar wa Nasiha a cikin rabonta. In kuwa ya mutu, sayarwa ta fi. Zan dawo da 'yan'uwa Juma'a ta sama mu gani."

"Yana da rai, Yaya," in ji Bara'atu. Nasiha ce 'yarsu tilo, kuma ban da tafkin nan babu abin da uban ya yi da hannunsa ya bar mata.

Bara'atu ta ɗauki manjagara ta shiga. Ta ja har bayanta ya ƙage, kashegari ta tarar da wurin da ta buɗe ya haɗe kamar ba a taɓa ba. Ranar kasuwa ta sayo maganin feshi, wanda mai shagon ya rantse mata ba ciyawar da ke tsira daga gare shi. Ta ari famfon feshi a maƙwabta, ta goya shi kamar jariri, ta bi tafkin lungu-lungu. Ba ta bar ko faɗin tafin hannu ba. Da ta sauke famfon ta ce a ranta, Malam, da za ka zo ka ga yadda ake gama aiki. Ranar ce ta fara murmushi tun rasuwarsa.

Kainuwar ta yi ja, ta yanƙwane, ta nutse. Ruwa ya bayyana, sai dai baƙi ne ƙirin, ga wani wari da ke shigowa har ɗaki. Da safiyar Alhamis ta tarar da karfasa sun juyo fararen cikkuna sama, bakin gaɓa fal. Tarwaɗa, da ake cewa tana da taurin rai, ta wuni tana leƙo da baki tana neman iska. Kafin la'asar ita ma ta bi su.

Dabo masunci ya zo ya tsuguna, ya ɗebi ruwan ya shinshina, ya girgiza kai.

"Ciyawar da ta ruɓe gaba ɗaya ita ta shanye musu iska. Da kaɗan-kaɗan aka riƙa cire ta, yadda marigayi ke yi."

Bai faɗa don ya ƙona mata rai ba, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Shekara da shekaru tana tsokanar bawan Allah da lalaci, shi kuwa bai taɓa yi mata gardama ba, dariya kawai yake yi.

Juma'a Safiyanu ya zo da mutanensa. Ya daɗe yana kallon ruwan, ya sa bakin riga ya goge ido, sannan ya ce a kira mai sayen. 

Bayan sun watse Bara'atu ta zauna a kan dutsen da Hambali ke wanke ƙafa, ta yi kukan da ko ranar jana'iza ba ta yi irinsa ba. A bayan dutsen, inda feshi bai kai ba, ta ga wata 'yar kainuwa guda, kore shar. Hannunta ya tafi da kansa zai fizge ta a jefar, sai ta tsaya. Ta ɗebo ta a hankali, ta kai gida, ta zuba ruwa a kwanon da yake cin tuwo ta sa ta ciki.

Nasiha ta leƙa kwanon. "Inna, ciyawa ce fa. In zubar?"

"Bar ta," in ji Bara'atu. "Rabin da babanki yake bari ne."