Yana Sa Takalmi

Karo na uku ke nan Auta tana ɓullowa gaban shagon mai wanki da guga. Duk wanda ta tambaya gidan Mai Agogo sai ya ce ta sha kwana a famfo, ita kuwa ko ɗigon ruwa ba ta gani ba.

"Ai an cire famfon tun ba a haife ki ba," in ji mai guga, ko kai bai ɗaga ba. "Wurin dai sunansa famfo."

Haka unguwar take. Itatuwa sun fi gidaje tsayi, saiwoyinsu sun ɗaɗɗaga simintin bakin hanya, lambobin ƙofofi sun goge, ba kuma wanda ya damu tunda kowa ya san kowa. A nan mahaifinta ya shekara talatin, suka tashi tana goye. Yanzu yana kwance a asibiti, likita ya daina zancen sallama, shi kuma kwana uku ke nan roƙonsa ɗaya: a kawo masa amininsa Mai Agogo. Yayyenta suka ce aike ai na auta ne.

Mai guga ya nuna mata gidan, tsohon bene ne mai hawa uku. Matakalar ƙunci gare ta, ga lanƙwasa, har jakarta na gogar bango. A can sama surukar Mai Agogo ta buɗe mata, ta saurare ta tsaf, sannan ta girgiza kai.

"'Yar'uwa, shekara biyu rabonsa da ƙasa. Tun da ƙugunsa ya karye. Ƙarti huɗu sun gwada sauko da shi a kujera, a lanƙwasar farko suka maƙale, yana ta ihu. Likita ya ce kada a sake."

Tsohon na kishingiɗe kusa da taga. Ya ƙura wa Auta ido, sai ya fashe da dariya.

"Wannan hancin na san mai shi. Ina ɗan rigimar? Ƙafarsa ce ta yi nauyi?"

Ta faɗa masa halin da mahaifinta yake ciki. Bai ji ba. Sai da surukar ta maimaita a kunnensa da ƙarfi, kamar mai kiran wani a ƙetaren titi, dariyar ta ɗauke.

Auta ta kira asibiti, yayarta ta kara wa Baba waya, Auta ma ta kara wa tsohon. Muryar Baba ta koma raɗa, kunnen Mai Agogo kuwa sai tsawa. Suka yi ta "na'am, na'am" ba wanda ya ji wani. Tausayi ya kama ta, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Bar wannan abin," tsohon ya ture wayar. "Da ƙafata zan je. Miƙo min takalmina."

Surukar ta jawo su daga ƙarƙashin gado, baƙaƙe, a goge tas. Ta saka masa ɗaya. Ya zauna yana kallon ƙafar, yana haki.

Auta ta sauko a hankali, tana dafa bango. A daidai wurin da ake kira famfo wayarta ta yi ƙara. Yayarta ce.

"Baba ya sa an matso da kujera kusa da gado. Yana tambaya, sun taso?"

Auta ta ɗaga kai ta dubi tagar hawa na uku.

"Ki ce masa yana sa takalmi."